Malam Kore da Dutsen Shara

A makarantar sakandaren da nake koyar da tarihi akwai wani malami da kowa ke kira Malam Kore. Kimiyyar muhalli yake koya wa 'yan manyan azuzuwa. Laƙabin ya samo shi ne tun lokacin da aka tura shi wani taron ƙara wa juna sani, ya dawo da koriyar hular hana-salla da takardar shaida. Takardar ya sa ta a firam ya rataye a ɗakin malamai, daidai saman kujerarsa, hular kuma ba ta sake barin kansa ba. Daga ranar bakinsa bai ƙara buɗewa ba sai da "mu masana".

Teburina manne yake da nasa, don haka ni na fi kowa shan kurinsa.

"Malama," yakan ce, "da shugabannin duniya za su ba ni wata guda kacal, da ɗumamar yanayi ta zama tarihi, ke ma ki samu abin koyarwa."

"Fara da fankar nan ta kanmu," in ce masa, "tun bara ta mutu."

"Wannan aikin masu gyara ne. Mu masana manyan abubuwa na sama muke dubawa."

"Ai ita ma fankar a sama take."

Sai ya gyara zaman hula ya ce ba zan gane ba.

Amma kada in zalunce shi, akwai abu guda da yake so tsakani da Allah. Bayan ɗakin gwaje-gwaje akwai wani fili shimfiɗaɗɗe, ba komai cikinsa sai ciyawa, katangar makaranta ce ta raba shi da gidajen maƙwabta. Shekara da shekaru Malam Kore yana zana wa yara bishiya da alli a jikin allo, yana burin ko sau ɗaya su tona rami su dasa ta gaske. In ya tsaya a taga yana kallon filin nan har shiru yake yi, abin da ba ya yi ko a wajen cin abinci. Matsalar ita ce Koci, malamin wasanni, shi ma ya ƙyalla ido a kan wurin. Yana so ya kafa raga, yaransa su daina buga ƙwallo tsakanin motocin malamai.

Da rigimarsu ta ishi Shugabar makaranta, wadda mace ce marar son hayaniya, sai ta kira su ofis. Ni takardu na je kai mata, amma tunda ba a ce in fita ba, na yi tsayuwata a bakin ƙofa.

"Ƙarshen zangon nan akwai taron iyayen yara," ta ce. "Kowannenku ya nuna musu abin da ya yi da ɗalibansa. Wanda aikinsa ya fi burge su, filin nasa ne. Kafin nan kada wanda ya sake zo mini da maganar."

"To, ranki ya daɗe," in ji Koci.

Malam Kore ya yi 'yar dariya. "Ranki ya daɗe, ai gara ki ba ni tun yanzu, kada a wahalar da bawan Allah a banza. Abin da zan yi, sai an zo daga ƙasashen waje ɗaukar hoto. Alfarma ɗaya nake nema, ki bar ni in ajiye 'yan buhuna a kusurwar filin kafin ranar."

"'Yan buhuna dai?"

"'Yan buhuna, ranki ya daɗe."

Ta amince.

Washegari ina aji ina fama da daulolin da suka shuɗe, na ji muryarsa ta keto bango. Bango ɗaya ya raba azuzuwanmu, muryar Malam Kore kuwa ba ta san bango ba.

"Wannan zangon babu jarrabawa a darasina!"

Ajinsa ya kaure da ihu. Nawa ɗaliban suka dube ni kamar ni na hana su sa'a.

"Ku saurara! Makinku yana can kan titi yana jiranku. Kowa ya tsinto shara ya kawo, in ɗora a sikeli. Kilo ɗaya, maki ɗaya. Za mu tara ta a filin baya, ranar taro iyayenku su ga dutsen ƙazantar da muka raba unguwa da shi. Bayan nan mu ware roba gefe, ƙarfe gefe, mai ruɓewa mu yi taki da ita. Wannan shi ake kira kimiyya a aikace."

A ajin akwai wata yarinya da ake kira Lauya, saboda ko gaishe ta ka yi sai ta nemi hujja. Na ji muryarta siririya ta ratso.

"Malam, dole sai sharar titi, ko ta ko'ina?"

"Shara shara ce, 'yata. Mu masana ba ma tambayar asalinta."

"Kowace iri?"

"Kowace iri. Sikeli ne alƙali."

"Malam, ɗan maimaita kowa ya shaida."

Ya maimaita, har da buga tebur.

Ya ɗauko sikelin da matarsa ke auna kanta da shi a gida, ya kafa tebur da kujera a bakin filin. Kwanakin farko abin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Yara suka bazu da buhuna, titin makaranta ya yi fes, kwatar da ta daɗe a toshe ta fara gudu. Wani dattijon tela da shagonsa ke jikin katangarmu ya tako har ɗakin malamai ya yi godiya, ya sa wa Malam Kore albarka. Ranar sai da hular ta yi wa kansa kaɗan.

"Kin gani, Malama? Wannan somin-taɓi ne."

Somin-taɓin ne kuwa. Sharar titi ta ƙare, amma buƙatar maki ba ta ƙare ba. Sannan yara suka lura da wani abu: wanda ya wuni yana sunkuye yana tsintar leda, in ya cika buhu da ƙyar allurar sikeli ke motsi, wanda kuwa ya gangaro da tsohuwar tayar mota ya wuce shi fintinkau bai ko yi gumi ba. Shi ke nan, kan mage ya waye. Aka bar leda inda take, kowa ya koma farautar nauyi. Tayoyi suka fara shigowa, da fasassun bulo, da mataccen batirin mota, da rabin injin niƙa. Wata safiya samari huɗu suka shigo suna nishi da wani faifan ƙarfe, suka ɗora. Sikelin ya yi ƙara ɗaya, allurarsa ta kwanta, ba ta sake tashi ba.

Malam Kore na cikin girgiza shi sai ga tela. Wannan karon ba albarka ya kawo ba. Ƙafar wandonsa ɗaya baƙa ƙirin take har gwiwa, tana ɗiga.

"Malam, murfin kwatar da ke ƙofar shagona shara ne?"

"Kawu, sannu da zuwa. Wato abin da ya faru..."

"Na fito da ɗinkin mutane a hannu, ina sallama da maƙwabcina, sai na ji ƙasa ta ƙare."

"Kawu, kowane gagarumin aiki yana da 'yan kurakuransa."

"To ga kuskuren nan a wandona. Ka sa su mayar mini da murfina, kafin in zo in auna ka da abin awon da ba ka taɓa gani ba."

Aka mayar da murfi. Lauya ta tsaya kai da fata cewa makin murfin ya riga ya shiga, tunda an auna kafin mai shi ya zo. Malam Kore ya yi ta kame-kame, daga baya ya haƙura.

Mai hankali a nan zai tsaya. Malam Kore kuwa aji ya shiga ya kafa sabuwar doka.

"Daga yau an daina nauyi. Girma za mu duba. Idona ne alƙali."

Aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Washegari ƙofar makaranta ta yi kaɗan. Katifu suka fara shigowa a kan kawuna, da kwalayen da mutum zai iya kwana a ciki, da kujerun roba masu ƙafa uku, da firij ba ƙofa, da tankin ruwa da sai mirgina shi aka yi tun daga bakin titi. Tulin ya wuce tagar ɗakin gwaje-gwaje. A can waje kuma leda ta dawo fiye da da, don mutanen unguwa sun daina shara a ƙofar gidajensu, wai ai 'yan makaranta za su kwashe.

Shugaba ta zagayo ta tsaya, ta ɗaga kai ta dubi tulin tun daga ƙasa har sama.

"Malam, 'yan buhuna ka ce mini."

"Ranki ya daɗe, nasara ce ta fi ƙarfin buhu."

"Uhm. Ni dai ranar taro nake jira."

Ta juya ta tafi. Ni da na san ta, wannan "uhm" ɗin ya fi mini zagi ban tsoro.

Ana nan sai ya tuna da alƙawarin taki. Ya duba tulinsa kaf, babu abin da zai ruɓe ko da za a shekara ɗari ana jira. Sai doka ta uku ta fito: shara mai ruɓewa makinta ninki biyu ne.

Yara suka nufi kasuwa. 'Yan kasuwa kuwa abin nema ya samu, har taya su ɗurawa suke yi. Ruɓaɓɓen tumatir, ɓawon kankana, kawunan kifi, gashin kaji, da wasu abubuwan da ban tsaya tantance su ba. Malam Kore ya sa aka buɗe tsakiyar tulin aka zuba su, aka rufe da kwalaye, aka shimfiɗa wata tsohuwar katifa a kai.

"Zafi zai dafa ta daga ciki," ya ce. "Haka ƙwararru suke yi."

Zafi kuwa ya yi aikinsa. Muka rufe tagogin ɗakin malamai, ga fanka a mace. Malamin lissafi ya koma koyarwa da hankici a hanci, yara suna ta ce masa ya maimaita. Ƙudaje suka zama sun fi ɗalibai zuwa da wuri.

"Malam," na ce masa, "don girman Allah, ba ka jin warin nan?"

Ya ɗaga hanci ya shaƙa har cikin ƙirji. Idonsa ya kawo ruwa, amma ya daure.

"Wane wari? Ƙwayoyin halitta ne suke aiki. Ni ƙamshin nasara nake ji."

Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Labari ya bazu a unguwa cewa makaranta tana karɓar shara. Wata rana da hantsi yana tsaye gindin katanga yana bayani, sai ga ruwan ɓawon albasa da toka ta sama, yif a kafaɗarsa. Ya taka wata taya ya leƙa. Wata tsohuwa ce tsaye da bokiti a hannu, tana kakkaɓe gindinsa.

"Inna! Me ke nan?"

"An ce kuna karɓa, ɗan nan."

"Daga ɗalibai muke karɓa!"

"To ai jikana yana ajinka. Sa masa makin."

"Inna, ba haka tsarin yake ba."

"Mai ruɓewa ce fa. An ce ninki biyu. Kada ka cuci maraya."

Ta shige gida abinta. Kafin mako ya zagayo, duk gidajen da ke jikin katangar sun gane cewa jifa ta sama ta fi tafiya juji sauƙi.

Duk da haka da ya tsira, ba don Koci ba. Wata safiya direban wata motar kwasar shara ya tsaya a ƙofa, ya ce ya ji an buɗe sabon juji a nan, kuma ya fi masa kusa. Malam Kore ya buɗe baki zai kore shi ke nan, sai ga Koci ya zo wucewa da usur a wuya. Ya dubi tulin ya taɓe baki.

"Wannan ne dutsen? Ni na ɗauka tudu ne. Yarana ma sa iya tsallake shi."

Malam Kore ya juya wajen direba.

"Cike take?"

"Maƙil, Malam."

"Shigo da baya. Juye!"

Motar ta juye. Koci ya tafi yana busa usur a hankali, ni kuwa na san da gangan ya yi.

Ana saura kwanaki kaɗan taro, wasu ɗalibai suka turo wani abu a baro, suna haki. Wani tsohon babur ne, ba taya, ba fitila, tsatsa ta cinye shi, har kaza ta taɓa yin ƙwai a inda kujerarsa take. Malam Kore ya tara yara, murna ta cika shi.

"Ku matso ku ga darasi! Dubi irin gubar da ke zaune a gidajen mutane. Tsatsa tana shiga ƙasa, baƙin mai yana shiga ruwa. Wane jahili ne ya ajiye wannan a gidansa?"

Yaran suka dubi juna.

"Ku faɗa mana, kada ku ji tsoro. Irin waɗannan mutanen sai an kunyata su."

"Malam, a gidanka muka ɗauko. Anti ce ta ba mu."

Ya sunkuya ya dubi lambar babur ɗin. Kafin ya ɗago, sai ga matarsa ta ɓullo ta bayan yaran, jaka a hammata, tana toshe hanci da gefen mayafi.

"Maman yara! Babur ɗina ne fa! Gyara shi zan yi!"

"Tun ina goyon babbarmu kake gyaran nan, Malam. Yanzu ita ke dafa mana abinci."

"Kayan tarihi ne!"

"To ga malamar tarihi nan, ba ta." Ta dube ni. "Malama, kina so?"

Na ce na gode, Allah ya bar zumunci.

"Kai ka ce shara shara ce," ta ci gaba. "Ni ba wannan ya kawo ni ba. Ina sikelina?"

Malam Kore ya kau da kai. Idonsa ne ya ci amanarsa, ya tafi can gefen tulin, inda sikelin ke kwance tsakanin wani fasasshen tulu da ƙafar kujera.

"Au! Shi ma ya zama maki?"

"Ya yi wa kimiyya hidima, Maman yara."

"Madalla. Allah ya ba ka filin nan, Malam. Don in ka dawo gida ba sikeli, a nan za ka shimfiɗa tabarma."

Ta tafi. Yaran suka tambaya ko babur ɗin nauyi za a duba ko girma. Ya ce su ɓace masa da gani.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Iyaye suka cika makaranta, kowa cikin kwalliya. Koci ya fara. Yaransa suka yi 'yan guje-guje da tsalle-tsalle a tsakar makaranta, suka buga ƙwallo ta ɗan lokaci, ƙwallon ta daki motar malamin lissafi kamar yadda ta saba. Iyaye suka tafa daidai gwargwado. Malam Kore ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Wannan ne duka? Har ya ba ni tausayi."

Sai aka zagaya da jama'a baya. Tun kafin a sha kwana mayafai da hankitai suka hau hanci. Da aka ɓullo, kowa ya ja birki. Dutse kam ya zama dutse, ya kusa kai rufin aji. Malam Kore ya sa an jera tayoyi sun zama matakala, ya kafa koriyar tuta a ƙoli. Ya karɓi lasifika ya hau, yana ɗaga wa mutane hannu, har ya tsaya a kan katifar nan da ke can sama.

"Iyaye masu daraja! Abin da kuke gani a ƙarƙashin ƙafata, ƙazantar gidajenku ce!"

"Gidan wa?" wani mai ƙaton ciki ya tambaya daga gaba.

"Ina nufin, wato, mu masana mun gano cewa..."

"Tsaya!" wata mata ta ɗaga murya, tana nuni da yatsa. "Wancan ba bahon wankina ba ne? Shi ne wallahi, ga ɗaurin wayar da na yi wa kunnensa! Ni da na daina gaisawa da maƙwabciyata a kansa!"

"Ga ni nan ai," wata ta amsa daga baya. "Sai ki nemi gafarata a gaban jama'a."

"Ƙofar kejin kajina!" in ji wani. "Ashe ba ɓarawo ba ne, ɗan cikina ne!"

"Tayoyin nan na mutane ne, ajiya aka ba ni!" wani bakanike ya kurma ihu. "Har an kusa kai ni ƙara!"

"Gadon ƙarfen kakarmu!"

"Tankina!"

Ɗalibai suka fara sulalewa bayan juna. Iyaye kuwa suka manta da wari, suka manta da kwalliya, suka afka wa dutsen. Wannan ya ja nan, wancan ya fizgi can. Bakanike ya fara kwashe tayoyinsa tun daga matakin ƙasa, yana mirgina wa matarsa.

"Jama'a, a yi hattara!" Malam Kore ya yi ta kwarara ihu a lasifika. "Kada a ja daga ƙasa! Tsari gare shi! Bawan Allah, matakalata ce wannan!"

Ba wanda ya ko ɗaga kai. A gefe Lauya ta hau kan wani bulo tana shelar cewa duk abin da aka cire, makinsa yana nan daram, akwai shaidu. Uwarta ta kamo kunnenta ta sauko da ita, ɗaya hannun riƙe da murfin tukunyar da ta daɗe tana nema.

Dutsen ya fara motsi. Na ga tutar ta karkata. Sai wani dogon mutum ya hango gefen katifar da ke leƙowa daga sama.

"Katifar baƙinmu! Surukata ta zo ta kwana a ƙasa saboda ita!"

"Bawan Allah," in ji Malam Kore, "kada ka taɓa wannan! Wannan ita ce..."

Mutumin ya yi tsalle ya kama gefenta, ya ja da iya ƙarfinsa. Katifa ta zame. Malam Kore ya taka rawar da ban taɓa sanin ya iya ba, ya dira a kan kwalaye. Kwalayen kuwa sun daɗe suna shan ruwan tumatir daga ƙasa. Suka buɗe baki suka karɓe shi.

Lasifikar tana kunne, don haka duk unguwa ta ji ƙarar shigarsa. Ƙudaje suka tashi baƙi ƙirin. Dutsen ya saki jiki ya baje, gwangwani da kwalabe suna gangarowa, mutane suna tsalle suna neman hanya, har sai da sharar ta rufe filin daga bango zuwa bango. Da ƙura ta lafa, ba abin da ya rage a tsaye sai Malam Kore, nitse har hammata a cikin takinsa, hula a kai, hannu ɗaya a sama riƙe da lasifika.

Sai tsohuwar nan mai bokiti ta leƙo ta kan katanga.

"Ɗan nan, yau ba kwa karɓa ne?"

Wurin ya fashe da dariya. Har mai ƙaton cikin nan sai da ya zauna a kan tankin wani, yana share hawaye. Ni kam na dafa bango, cikina har ciwo yake yi, ko da yake can ƙasan raina tausayinsa ya ɗan taɓa ni. Na san yadda yake son filin nan, ga shi yana kallon burinsa ya tafi a gaban kowa.

Shugaba ba ta yi dariya ba. Ta jira hayaniya ta kwanta, sannan ta juya wajen Koci.

"Koci, me ka ce?"

Koci ya cire hankici daga hanci, ya dubi filin, ya mayar da sauri.

"Ranki ya daɗe, na janye. Ko kyauta ba na so. Ƙwallo nake so yarana su buga, ba layin asibiti ba. Motocin malamai sun ishe mu."

"Iyaye fa?"

"A ba shi!" suka amsa baki ɗaya. "Shi ya dace da shi!"

Shugaba ta taka a hankali har bakin inda shara ta tsaya.

"Malam Kore, ka ji. Filin naka ne."

Fuskarsa ta washe, ƙwayar tumatir na gangarowa ta gefen kunnensa.

"Na gode, ranki ya daɗe! Dama na san gaskiya za ta yi halinta."

"Daga yau yara sun tafi hutu, kuma na tabbata ba uban da zai bar ɗansa ya taɓa ko tsinke a nan."

"Ko tsinke!" in ji iyaye.

"Akwai shebur da baro a sito. Ranar da aka dawo, ƙasa nake so in gani."

Murmushin ya ɗan rage faɗi. Ya yunƙura zai fito, takin ya ƙara jan sa ƙasa.

"To, ranki ya daɗe, ko za a ɗan sa hannu a ciro ni?"

"Filinka ne, Malam. Duk abin da ke cikinsa kai za ka kwashe. Fara da kanka."

Ta juya. Jama'a suka bi bayanta, wannan da baho a ka, wancan yana mirgina taya, dogon nan yana jan katifarsa a ƙasa, 'ya'yansu na biye suna shan faɗa. Na tsaya daga baya, don ko ba komai maƙwabcin teburina ne, ina tunanin inda zan samo igiya. Na ɗauka zan tarar ya karaya. Ina! Juya kai yake yi dama da hagu yana ƙare wa wurin kallo, idonsa har ƙyalli yake yi. Ya kai lasifika baki, alhali ni kaɗai na rage.

"Malama! Kin ga faɗinsa kuwa? Bishiyar farko daidai nan inda nake za a dasa ta. Mu masana mun san wurin da ya sha taki."

Na dube shi, a kafe cikin ƙasa, ga koren abu a sama.

"Ai na ga an riga an dasa, Malam," na ce. "Saura ban-ruwa."